Daga Gamkalle zuwa Damagaram: abin da kwalta ta tanadar wa mai keke

Baƙon da ya biyo bakin kogi daga gadar Kennedy ya yi gabas, hancinsa ne zai fara shaida masa cewa ya iso Gamkalle, tun kafin idonsa ya ga majema. A can ƙarƙashin gangare, tsakanin hanya da ruwa, majemai suna jiƙa fatun awaki da na tumaki cikin toka da garin bagaruwa kamar yadda kakanninsu suka yi, su kankare, su shanya a rana, dukawa su zo su saya. Gaba kaɗan ga mahautar birni, ga unguwar masana'antu da manyan ɗakunan ajiyar kaya, ga kuma lambunan salati da kabeji da tumatir jere da gaɓar kogin Kwara, waɗanda ambaliyar shekara ta 2012 da ta 2020 suka shanye, masu su kuma suka sake tayar da su da hannu. Gamkalle tsohon ƙauye ne na Zabarmawa, yana nan tun kafin Turawan mulkin mallaka su mayar da Yamai babban birni a shekara ta 1926. Birnin ne ya zo ya same shi, ya kewaye shi da bariki da masana'antu, har lungunansa suka matse.

Tun da aka buɗe gada ta biyu, wadda ƙasar Sin ta gina, a shekara ta 2011, unguwar ta zama mararraba. Wanda ya haye gadar ya faɗa ƙetaren kogi, inda hanyar Say da ta Torodi da Burkina Faso suka tashi. Wanda ya miƙe ya bi ta Saga zai kai Kollo. Wanda kuma ya haura tudu ya kama hanyar filin jirgin sama, to, ya hau babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ba ta tsayawa sai Gigimi, kusa da tafkin Cadi. Da asubahi, kafin kamiyo da tirela su motsa, masu keke ne ke da waɗannan hanyoyi: mai lambu da buhun ganye a kariya, mai burodi da kwandonsa, mai gadi da ya kwana a bakin aiki yana komawa gida, ɗan lakkwal da ƙanensa a baya. Da rana ta ɗaga kuwa, sai su koma gefe cikin rairayi, kamar waɗanda suka shigo gonar wani ba da izini ba.

Dattawanmu ma'aikata suna tune da zamanin da keke yake abin ado. Mushen lakkwal ko akawun kwamanda da ya sayi Raleigh ko Peugeot sabo ful, da fitila da ƙararrawa, gari duka ya san ya karɓi albashi. Daga baya kekunan Phoenix na ƙasar Sin suka cika kasuwa, sa'an nan baburan Sin masu araha suka zo suka ture su. Yau a Yamai, ma'aikacin da ya je biro a kan keke, abokan aikinsa za su tambaye shi ko lafiya. An ɗauki keke a matsayin shaidar rashi, kuma ni a ganina daga wannan raini ne duk sauran wahalar ta samo tushe, domin ba a gina hanya saboda mutumin da aka raina.

Alhali kuwa a kan wannan ƙarfen da muke rainawa mutane sun kewaye duniya. Wani Baturen Ingila mai suna Thomas Stevens ya tashi daga San Faransisko ta Amurka a shekara ta 1884, a kan irin keken nan na da mai ƙatuwar ƙafar gaba, bai gama zagayensa ba sai ƙarshen 1886. Kazimierz Nowak, mutumin ƙasar Polan, ya shafe shekara 5, daga 1931 zuwa 1936, yana ratsa Afirka daga arewa zuwa kudu ya kuma dawo, tafiyar kusan kilomita 40.000. Abin lura a labarinsa shi ne keken bai iya raka shi ko'ina ba: wani wuri ya hau doki, wani wuri kwale-kwale, da ya bar yankin tafkin Cadi kuma raƙumi ne ya ƙetarar da shi hamada har Wargala ta Aljeriya, inda ya sake hawa keke. Bajamushe Heinz Stücke ya bar garinsu a 1962, ya yi sama da shekara 50 yana yawo, ya taka fiye da kilomita 600.000. Kada mai karatu ya ce wannan karambanin Turawa ne kawai. Olabisi Ajala, Bayaraben Najeriya, yana ɗalibi a Amurka ya hau keke daga Cikago zuwa Los Anjales a 1952, har sunansa ya zama karin magana a ƙasarsu ga duk mai yawan tafiya. A 2010 kuma samari biyu daga Kef Tawun ta Afirka ta Kudu suka yi wata 9 a kan keke suka isa Makka aikin hajji.

Ƙasarmu ma ta ga nata rabon na irin waɗannan matafiya. Cikin shekarun 1970 da 1980, lokacin da hanyar Tamanraset zuwa Asamaka da Arlit take buɗe ga kowa, Turawa sukan gangaro da tsofaffin Peugeot 504 su sayar a Agadas ko Yamai, a cikinsu kuma akan sami ɗaya ko biyu da suka zo a keke, fuska ta ƙone, gemu ya cika da ƙura. Tsakanin Asamaka da Arlit akwai kusan kilomita 200 da a wancan zamani babu ko taki ɗaya na kwalta, inda mai keke yake turawa fiye da yadda yake hawa. Daga Arlit kuwa sai ya hau hanyar uraniyom da aka gama a farkon shekarun 1980, ta kai shi Tawa, ya sauko Tsarnawa ya haɗu da babbar hanya. Tawayen arewa na 1990 zuwa 1995 da rikicin Aljeriya na wannan lokaci suka toshe wannan ƙofa. An sa hannu kan yarjejeniyar sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995, amma ayarin bai sake komawa kamar da ba. Har tseren motocin Dakar, da ya saba ratsa mu, a shekara ta 2000 daga Yamai aka kwashe shi cikin jiragen sama zuwa Libiya saboda tsoron hari.

Wanda ya fi kusa da mu a cikinsu duka shi ne Mamadu Safayu Bari, Bafulatanin ƙasar Gine, mai shekara 25. Yana son karatu a jami'ar Azhar ta Alƙahira, ba shi da kuɗin jirgi, sai ya sayi keke ya bar gida a watan Mayu na 2023. Ya bi ta Mali, Burkina Faso, Togo da Benin, ya ratsa Nijar, ya shiga Cadi, tafiyar kusan kilomita 4.000 cikin wata 4. Sau uku ana tsare shi a hanya, biyu a Burkina, ɗaya a Togo. A Cadi wani ɗan jarida ya watsa labarinsa, masu alheri suka haɗa masa kuɗin jirgi don kada ya faɗa yaƙin Sudan, ya sauka Masar a watan Satumba, Azhar kuma ta ba shi karatu kyauta. Wannan ba yawon buɗe ido ya fito ba. Irin tafiyar kakanninmu ce, waɗanda suke kama hanyar gabas a ƙasa, su yi shekaru kafin su ga Ka'aba, illa dai shi jakinsa na ƙarfe ne.

To, a ce yau wani saurayin Gamkalle ya ɗaura jakarsa a kariya ya ce sai Damagaram, mene ne zai tarar?

Lissafin hanya dai sananne ne ga kowane direba da kowane ɗan kasuwa: Dosso kusan kilomita 140, Dogon Dutsi kusan 275, Birnin Konni kusan 420, Maradi kusan 660, Damagaram kusan 900. Mutum mai ƙoshin lafiya, da kaya daidai gwargwado, yana iya cin kilomita 80 zuwa 100 a yini, wato tafiyar kwana 10 ke nan in ba a sami tangarɗa ba. Ƙasar ba ta da manyan duwatsu. Daga filin jirgi hanya takan miƙe a kan faƙo mai geza da sabara, a gefenta ga layin dogon da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa zuwa Dosso tsakanin 2014 da 2016, wanda bai taɓa ɗaukar buhun ɗan kasuwa ko ɗaya ba. Sai a Birnin Gaure ake gangarawa cikin Dallol Boso a sake haurawa, haka kuma a Dogon Dutsi, inda jajayen duwatsun Arewa suke tsaye bisa gari. Waɗannan hawa da sauka ba su kai su karya gwiwa ba.

Abin da ke karya gwiwa iska ce. Lokacin da ya fi dacewa da tafiya saboda sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne kuma lokacin hunturu, iskarsa kuwa daga arewa maso gabas take busowa. Mai zuwa Damagaram daga Yamai gaba da gaba yake yi da ita tun daga hantsi har la'asar, ga hazo, ga tsagewar leɓe, yana taka feda kamar mai hawan tudun da ba ya ƙarewa. Mai tahowa daga gabas kuwa ita ce ke tura shi, sai ya ga kamar ƙarfinsa ne. Don haka matafiyan da suka san ƙasa sukan shirya tafiyarsu daga gabas zuwa yamma, ko su tashi tun sallar asuba su ci rabin zango kafin iska ta farka. A bazara, cikin Afrilu da Mayu, zafi yakan haura 40 a ma'auni, kwalta ta yi laushi, kuma lita 8 ko 10 ta ruwa ba ta yi wa mutum yawa a yini. Kowace lita kilo ɗaya ce a kan keke. Sa'ar da aka yi ita ce babbar hanyar nan ba ta rabuwa da ƙauyuka, da wuya a yi tafiyar awa biyu ba a ga rijiya ko famfo ko mai shayi ba, kuma tsakanin Maradi da Tasawa da Takeita gawon da manoma suka raina a gonakinsu yana ba da inuwa daidai lokacin rani, sa'ad da sauran itatuwa suka kaɗe.

Sai ƙaya. Duk wanda ya sauka daga kwalta don ya huta ko ya kauce wa mota, tsidau da ƙarangiya da ƙayar aduwa suna jiransa. Ƙarangiya wando da safa take addaba, tsidau da aduwa kuwa taya suke hudawa, wani lokaci sau uku sau huɗu a yini. Nan ne tsohon keke mai nauyi ya fi na zamani: kowane mai faci a kowace kasuwar ƙauye yana da taya da tub da sarƙar da za su shiga Phoenix, amma keken Turai mai canjin sarƙa iri-iri, in wani ɗan ƙarfensa ya karye a Gidan Rumji, sai dai a ɗora shi a mota.

Duk waɗannan, mutum yana iya shirya musu. Abin da ba ya shiryuwa shi ne faɗin hanya. Mafi yawan manyan hanyoyinmu shimfiɗar kwaltarsu ba ta wuce mita 6 ko 7 ba, faɗin tirela kuma mita 2 da rabi ne. In biyu suka haɗu, ɗaya ɗauke da albasar Galmi, ɗaya da siminti, kowace tana barin ɗan fili tsakaninta da ƴar uwarta, mai karatu ya lissafa da kansa abin da ya rage wa mai keke. Gefen hanya, wanda ya kamata ya zama mafakarsa, jar ƙasa ce da ruwan damina ya zaizaye, a wurare da yawa har bakin kwalta ya zama gaɓa mai tsawon taƙi. Wanda ya faɗa ta da gudu da kaya a baya, faɗuwa ce. Wanda ya ƙi sauka kuma, iskar motar kan fara ture shi waje, sa'an nan ta jawo shi ciki wajen ƙafafun baya. Manyan motocin fasinja da ke tashi daga Yamai tun ƙarfe 4 na asuba suna tseren isa Damagaram kafin dare, oda ɗaya suke yi, ma'anarta kuwa kowa ya sani: sauka ko ka mutu. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin rahotonta na 2023, ta ce mutum miliyan 1,19 ne ke mutuwa a hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma Afirka ce ke kan gaba in aka kwatanta da yawan jama'a, duk da cewa ita ce mafi ƙarancin motoci.

A nan akwai magana tsakaninmu da ƴan uwa ƴan kasuwa masu motocin kaya, kuma gara a faɗe ta. Injiniyoyin hanya sun daɗe da auna cewa ɓarnar da mota ke yi wa kwalta ba daidai take tafiya da nauyi ba, ninkuwa take yi: in aka ninka nauyin da ke kan ƙafa ɗaya sau biyu, ɓarnar takan ninku kusan sau 16. Saboda haka ne ƙungiyar UEMOA ta kafa dokarta mai lamba 14 a shekara ta 2005, wadda ta ƙayyade nauyin da kowace ƙafar mota za ta ɗauka. Kowa ya san yadda ake bin ta. Tan 10 ko 20 da aka ƙara a kan tirela riba ce ta tafiya ɗaya ga mai kaya, amma bakin kwalta ne ke fara gutsurewa a ƙarƙashinta, wato daidai ɗan zirin da mai keke da mai amalanke suke rayuwa a kai. Ramin da ya biyo baya kuma ba ya tambayar mota ta wane ce kafin ya karya mata ƙarfe.

Ba sai an je nesa ba kafin a ga wata dabara. Wagadugu, kilomita 500 da ƴan kai daga nan, ta ware wa masu ƙafa biyu nasu layi a gefen manyan titunanta, kuma tun 1987 ƙasar take shirya tseren keke na Tour du Faso, mace da namiji, babba da yaro, ba wanda ke jin kunyar hawa. Su ma suna fama da talauci. A Faransa doka ta tilasta wa direba ya bar mita 1 tsakaninsa da mai keke a cikin gari, mita 1 da rabi a bayan gari. Holan, wadda ake misali da ita, tana da hanyoyin keke na kusan kilomita 35.000 kuma kekunanta sun fi mutanenta yawa, amma ba haka aka haife ta ba. A 1971 mutum fiye da 3.000 suka mutu a hanyoyinta, cikinsu yara sama da 400. Iyaye suka fito zanga-zanga, tsadar man fetur ta 1973 ta zo ta ƙara musu hujja, sa'an nan hukuma ta fara ware hanya. Yau mai keke yana iya tashi daga bakin tekun Atlantika a Faransa ya bi kogunan Luwar da Rin da Danub har Baƙin Teku, a kan tafarki mai alama da ake kira EuroVelo 6, mafi yawansa nesa da manyan motoci. Mu kuwa da aka gina hanyar gaggawa daga filin jirgi zuwa tsakiyar birni don taron Tarayyar Afirka na Yuli 2019, baƙin kwana uku aka duba.

Akwai dai abin da muke da shi wanda su sai da suka kafa ƙungiya ta intanet kafin su samu, wato masauki. A Turai mai keke yakan rubuta wa wanda bai sani ba tun da sati guda yana roƙon wurin kwana. A Dogon Dutsi ko Gazawa, ya isa ya yi sallama a ƙofar mai gari ko ya jingine kekensa a bangon masallaci bayan magariba. Za a kawo ruwa, a kawo fura ko tuwo, a shimfiɗa tabarma a zaure, sai ya ci ya sha kafin a tambaye shi daga ina. Matafiyan waje da suka ratsa Sahel, abin da suka fi ambata ke nan in sun koma gida.

Sai dai rashin tsaro yana cin wannan al'ada kamar gara. Ranar 9 ga Agusta 2020, a dajin raƙuman dawa na Kure, kilomita 60 kacal daga Yamai a kan wannan babbar hanya, ƴan bindiga suka kashe mutum 8, Faransawa 6 ma'aikatan agaji da ƴan ƙasa 2. A farkon wannan shekarar ne kuma aka hana hawan babur a wurare da dama na jahar Tilaberi. Hanyar Torodi zuwa Kancari da Fada Ngurma, wadda a da ita ce zangon da masu keke suka fi so tsakanin Yamai da Wagadugu, ta zama wurin da manyan motoci ma sai da rakiyar soja suka riƙa bi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe gadar Gaya zuwa Malanbil. Cikin irin wannan hali, baƙon da ya ɓullo ƙauye shi kaɗai da jakunkuna da taswira a waya, mai gari yana da dalilin aikawa a kira jandarma kafin a kawo fura, kuma tsarewar da aka yi wa Mamadu Bari sau uku daga nan ta fito. Ɗan ƙasa ma, katin shaidarsa ya kasance a aljihun gaba, ya kwana cikin gari, kada ya yi tafiyar dare, ya kuma tambayi direbobin tasha labarin zangon gaba kowace safiya.

Saurayin Gamkalle da ke son gwada ƙafarsa kafin ya yi tunanin Damagaram, hanyar Kollo tana bakin ƙofarsa: kilomita 30 da ɗoriya, ta Saga da Libore da Ndunga, kogi a hannun dama, fadamun shinkafa shar a lokacin da ko'ina ya bushe, balbelu a bayan shanu. In ya tashi bayan asuba zai yi kalaci a Kollo, ya huta a inuwa har rana ta karya, ya dawo kafin magariba. Wurin da ya fi hatsari a duk tafiyar shi ne kilomitocin farko, daga mararrabar gada zuwa ƙarshen unguwar masana'antu, inda tireloli ke fakawa a kan gefen hanya suna jiran sauke kaya, rairayi kuma ya rufe bakin kwalta. Share wannan rairayi da hana fakawa a wurin ba ya bukatar bashin Bankin Duniya, aikin ma'aikatar magajin gari ne da tebur da tsintsiya da ɗan sanda ɗaya a tsaye.